Akwatin Wasa Mai Cin Sulalla: A Kulle Shi Ko A Kunna Shi?

A shekarar 1982 kamfanin Atari na ƙasar Amurka ya ƙera wani akwatin wasan lantarki, ya raɗa masa suna Akka Arrh. Da aka kai shi wurin gwaji don a ga yadda jama'a za su karɓe shi, sai aka tarar bai shiga ransu ba, saboda haka kamfanin ya fasa ƙera shi don sayarwa. Guda uku kacal aka san sun tsira, dukkansu kuwa suka faɗa hannun masu sha'awar tara tsofaffin akwatunan wasa. Shekara talatin da bakwai wasan yana ɓoye a gidajen waɗannan mutane, in ban da 'yan lokutan da wani daga cikinsu ya ga dama ya fito da nasa wurin baje koli. Kwatsam a 2019 sai ga manhajar wasan ta ɓulla a intanet, kowa na iya ɗauka ya kunna a kwamfutarsa. Nan fa aka shiga ka-ce-na-ce. Wasu suka ce wani mai gyara ne da aka kira gida ya faki ido ya kwafe ta ba da izini ba, wasu kuma suka ce sam, labarin ƙagagge ne, ɗaya daga cikin masu akwatunan ne ya sake ta da kansa. Abin da ya tsaya mini a rai dai shi ne tambayar da wannan rigima ta tono: in mutum ya sa kuɗinsa ya sayi abin da kusan babu irinsa a duniya, yana da haƙƙin ya kulle shi a ɗaki har ya lalace? Ni a ganina katakon da ƙarafan nasa ne, babu mai ja da shi a kan haka, amma bai kamata ya hana a kwafi abin da ke ciki ba, bai kuma kamata ya hana a gan shi yana aiki ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai, domin galibin ɗalibanmu ta wayar hannu ko ta gidan gem suka san wasan lantarki. Akwatin da muke nufi na katako ne, tsayinsa ya kai na babban mutum, nauyinsa kuma yakan kai kilo ɗari ko fiye. A gabansa akwai gilashi irin na tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, ƙasa da gilashin akwai sandar sarrafawa da maɓallai, ƙasa da su kuma akwai 'yar kafa inda ake jefa sulalla. A cikinsa akwai allon kayan lantarki, wanda masu gyaran rediyo ke kira fanel, shi ne ke ɗauke da wasan. Galibi wasa ɗaya tak kowane akwati ke yi, an kuma zane jikinsa da hotunan wannan wasa don jan hankalin mai wucewa. Ana girke su a shaguna da wuraren cin abinci da zaurukan da aka keɓe don wasa. Ka jefa kuɗi ka yi wasa na 'yan mintuna, in an cinye ka sai ka sake jefawa ko ka ba na bayanka wuri.

Na farkon da aka sayar a kasuwa shi ne Computer Space, wanda Nolan Bushnell da Ted Dabney suka ƙera a 1971. Shekara guda bayan haka suka kafa Atari, inda wani injiniya mai suna Allan Alcorn ya ƙera Pong. Da aka girke samfurinsa a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, ba a daɗe ba aka kira shi cewa akwatin ya lalace. Da ya zo ya buɗe sai ya tarar lafiyarsa lau, ma'ajiyar kuɗin ce ta cika maƙil har ta toshe. Daga nan kasuwa ta buɗe. Japan ta fito da Space Invaders a 1978, da Pac-Man a 1980, da Donkey Kong a 1981, Amurka kuma ta fito da Asteroids a 1979, wanda aka sayar da kimanin guda 70,000.

To, in an ƙera su da yawa haka, me ya sa wasunsu suka yi wuyar samu? Dalili shi ne masu su na farko 'yan kasuwa ne, akwatin kuwa jari ne. Ranar da wasa ya daina kawo kuɗi, sai a zare fanel ɗinsa a sa na wani, a shafe zanen jikinsa da fenti. Kamfanonin da kansu haka suke yi. Nintendo ya aika da akwatunan wani wasa mai suna Radar Scope guda 3,000 zuwa Amurka, aka sayar da kimanin 1,000, sauran suka yi kwantai a sito. Waɗannan 2,000 ɗin su aka juye suka zama Donkey Kong na farko. A tsakiyar shekarun 1980 kuma ƙungiyar masu ƙera waɗannan na'urori ta Japan, watau JAMMA, ta fito da mahaɗi iri ɗaya mai haƙora 56, yadda kowane fanel zai shiga kowane akwati. Wannan ya sauƙaƙa wa 'yan kasuwa, ya kuma ƙara yawan akwatunan da aka ɓata wa kama. Da na'urorin wasa na cikin gida suka yi ƙarfi, zaurukan suka riƙa rufewa, dubban akwatuna suka ƙare a bola. A nan dole a yaba wa masu tarawa. Lokacin da kamfanoni da gidajen tarihi ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, su ne suka riƙa bin sito-sito suna kwaso abin da ya rage da kuɗin aljihunsu. Ba don su ba, da yau babu abin da za mu yi gardama a kansa.

Amma fa akwai abin da mai kulle akwati a ɗaki ya kasa ganewa, ko kuma ya gane ya kau da kai. Tukunyar ƙasa ko takobi in aka adana su wuri mai kyau suna iya shekara ɗari biyar ba su canja ba. Na'urar lantarki kuwa tana mutuwa ko da ba a taɓa ta ba. Katakon da aka yi yawancin akwatunan da shi garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, da ya sha laima sai ya kumbura ya marmashe. A kan fanel akwai 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu ɗauke da wani ruwan sinadari wanda ke bushewa a hankali, ko ana kunna na'urar ko ba a kunnawa. Wasu fanel ɗin an sa musu batir don ya riƙe sunayen gwanayen da suka fi cin maki, shi kuwa batir in ya tsufa sai ya tsiyaye, ruwansa ya cinye siraran hanyoyin tagulla da wuta ke bi.

Mafi hatsari duka shi ne abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin da aka rubuta manhajar wasan a kansu. Da yawa daga cikinsu irin waɗanda ake kira EPROM ne, ana gane su da 'yar tagar gilashi a bayansu wadda ake liƙe wa takarda. Yadda suke riƙe bayani shi ne, a cikin kowace ƙwaya akwai dubban ƙananan ɗakuna, wasu an tsare cajin lantarki a ciki, wasu an bar su wayam, wannan bambanci shi ne 0 da 1 da na'ura ke karantawa. In aka haska tagar da hasken ultrabayolet sai cajin ya tsere, rubutun ya goge, dalili ke nan da ake rufe ta. Sai dai ko babu haske, cajin yana zurarewa kaɗan-kaɗan kamar ruwa a randa mai tsaga. Masu ƙera ƙwayoyin shekara goma ko ashirin suka saba ambatawa a matsayin wa'adin da suka tabbatar, ga shi kuwa wasu sun haura arba'in suna aiki, sa'a ce kawai. Lamba ɗaya tak in ta juye daga 0 ta koma 1 a wurin da bai dace ba, wasan na iya tsayawa cik. In akwai kwafi a wani wuri, gyaran na 'yan mintuna ne, a sake rubuta wata ƙwayar a maye gurbin. In kuwa babu, shi ke nan an yi asara har abada. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka nan ba a neman kwafi ranar da ƙwaya ta mutu.

Akwai ma waɗanda da gangan aka gina musu ajalinsu a ciki. Bayan da masu jabu suka addabi wasan Street Fighter II na 1991, kamfanin Capcom ya fito da wani tsari a 1993 mai suna CPS-2. An rikita manhajar wasan yadda ba ta karantuwa sai da wani mabuɗi na lambobi, mabuɗin kuma aka ajiye shi a wata ma'ajiya da batir ke raya ta. Ranar da batirin ya ƙare, mabuɗi ya ɓace, fanel ya zama kwangiri ko da kuwa duk sauran kayansa lafiya suke. Dabara ce mai kyau ga ɗan kasuwar da ke lissafin shekara biyar, masifa ce ga mai son adana tarihi. Sai a 2007 wasu masu sha'awa suka warware sirrin rikitarwar, a 2016 kuma wasu suka gano yadda ake mayar da mabuɗin cikin fanel ɗin da ya mutu ya farfaɗo. Aikin sa-kai ne suka yi, suka kuma baza sakamakon kyauta ga kowa.

Wannan ya kawo mu ga manhajar kwaikwayo. A watan Fabrairun 1997 wani ɗan ƙasar Italiya, Nicola Salmoria, ya fito da wata manhaja mai suna MAME. Aikinta shi ne ta sa kwamfutar zamani ta yi kamar ita ce tsohon fanel, ta yadda in aka ba ta kwafin abin da ke cikin ƙwayoyin sai wasan ya tashi kamar yadda yake a da. Ɗaruruwan mutane suka shiga aikin, yau tana ɗauke da bayanin dubban na'urori. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne masu ita sun ɗauke ta a matsayin kundin bayanin yadda kowace na'ura ke aiki, ikon yin wasan kuwa riba ce da ta biyo baya. Masu ƙin a kwafi nasu suna cewa da zarar wasa ya shiga MAME darajar akwatinsu a kasuwa za ta faɗi. Ko da an yarda da haka, sai a auna: kuɗin mutum ɗaya a gefe guda, ɓacewar aikin da injiniyoyi da masu zane suka yi wata da watanni suna yi a ɗaya gefen. Balle ma hujjar ba ta da ƙarfi. Ana iya yin Pac-Man a kusan kowace waya, amma hakan bai hana mutane neman akwatinsa na asali da tsada ba. Ba na goyon bayan cin amana, in har da gaske wani ya shiga gidan mutum da sunan gyara ya kwashi abin da ba a ba shi ba, ya yi laifi. Amma rowar da ta sa aka kai ga haka ita ma abin zargi ce.

Akwai hanyar da ta fi wannan, an kuma gwada ta. A 1981 Nintendo ya gwada wani wasa mai suna Sky Skipper, bai karɓu ba, aka juye akwatunansa suka koma wasan Popeye. Bayan shekaru wasu masu tarawa suka ci karo da 'yan fanel ɗinsa, suka maido da su yadda suke, sai dai ba su da hanyar sake zanen jikin akwatin daidai. Ashe akwai guda ɗaya cikakke a ma'ajiyar reshen kamfanin na Amurka. Suka nemi izini, kamfanin ya bar su suka zo suka ɗauki hoton zanen dalla-dalla, suka sake gina akwatin suka nuna wa jama'a a 2017. A 2018 aka fitar da wasan don sayarwa a na'urar kamfanin ta Switch. Babu wanda ya yi asara a cikinsu.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa in an kwafi manhaja an gama, a jefar da katakon. Masu wannan ra'ayi su ma sun yi kuskure, kuskurensu kuwa ya fi shafar mu masu koyar da kimiyya. Da farko dai akwai wasannin da ba su da manhaja ko kaɗan. Computer Space da Pong babu ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinsu, dokokin wasan a jikin wayoyi da ƙananan ƙwayoyin lissafi aka gina su. A fanel ɗin Computer Space har ana iya ganin siffar jirgin da ido, domin an jera ƙananan kayan da ake kira dayod daidai da surarsa. Sai a 1975 aka fara sa ƙwaƙwalwar kwamfuta a irin waɗannan akwatuna, a wasan Gun Fight. Wanda ke son sanin yadda Pong yake, fanel ɗin shi ne littafin.

Sa'an nan ga batun gilashi. A tsohuwar talabijin akwai wata bindiga a baya mai harbo elektiron, maganaɗisu na karkata harbin yana sharar gilashin layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sinadarin da aka shafa a cikin gilashin kuma yana haskawa duk inda aka same shi. Asteroids bai bi wannan hanya ba. Harbin elektiron ɗin yana tafiya kai tsaye daga wannan ɗigo zuwa wancan, yana zana siffa kamar yadda hannu ke zane da alƙalami. In aka tsayar da shi wuri ɗaya sai wurin ya yi wani irin haske mai kashe ido, shi ya sa harsashin da jirgin ke harbawa yake ƙyalli kamar tauraro. Gilashin zamani mai faɗi, wanda aka yi da ɗigo-ɗigo a jere, yana iya nuna siffar amma ba ya iya kawo wannan haske. Space Invaders kuwa gilashinsa baƙi da fari ne. Launin da ake gani ledoji ne masu launi da aka manna, a wasu akwatunan kuma hoton ta madubi yake zuwa, yana shawagi a kan zanen duniyar wata da aka haska daga baya. Darasin haske ne sukutum a cikin akwatin wasa, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ke cikin ƙwayar da ake kwafa. Gani ya kori ji.

Akwai wanda zai ce, duk wannan surutu a kan abin wasan yara? Haka aka taɓa faɗa game da finafinai. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da babu murya sun ɓace ƙurmus, saboda masu su sun ɗauke su hajar kasuwa da ta gama amfani. Mu ma nan gida tambayar tana jiran mu game da finafinan Hausa na farko da aka riƙa fitarwa a kaset ɗin bidiyo tun daga 1990, domin zaren kaset shi ma yana lalacewa a ajiye. Bayan wannan, tsohon akwatin wasa yana da wata fa'ida da na'urorin yau ba su da ita: ƙarami ne yadda ɗalibi ɗaya mai himma zai iya fahimtarsa daga farko har ƙarshe. Manhajar Pac-Man kilobayit 16 ce, hoto ɗaya da kake ɗauka da wayarka ya ninka ta sau ɗari ko fiye. Kamfanoni irin su Atari kuma tare da littafin gyara suke sayar da akwatin, da taswirar duk hanyoyin wutar da ke ciki, saboda sun san wani ne zai gyara shi a wani gari mai nisa. Wace waya ce a yau ake sayar maka da ita tare da taswirarta?

Ga misalai biyu da malami zai iya kai wa aji gobe. A Space Invaders akwai halittu 55, layi biyar kowane layi goma sha ɗaya. Na'urar ba ta da ƙarfin motsa su duka a lokaci guda, saboda haka ɗaya take motsawa duk sanda aka sabunta hoton gilashi, watau sau sittin a daƙiƙa. In suna nan su 55, sai an yi kusan daƙiƙa guda kafin rundunar ta yi taku ɗaya. Kana kashe su zagayen na gajarcewa, har in saura ɗaya ta riƙa gudu kamar walƙiya. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙera wasan, ya lura da haka ya bar shi, sai raunin na'ura ya zama shi ne daɗin wasan. Sai a tambayi ɗalibai, in saura halittu goma, taku nawa za su yi a daƙiƙa?

Na biyu shi ne Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara yadda ba shi da ƙarshe. An ajiye lambar matakin da mai wasa yake a cikin bayit ɗaya, bayit kuwa gurabe takwas ne, kowane gurbi 0 ko 1. In ka ninka biyu sau takwas za ka sami 256, ke nan daga 0 zuwa 255 kaɗai yake iya ƙirgawa. Da mai wasa ya isa mataki na 256 sai lissafin ya zarce ya koma sifili, kamar yadda ma'aunin tafiyar mota ke yi in lambobinsa sun ƙare. Sashen manhajar da ke zana 'ya'yan itatuwa a ƙasan gilashi sai ya rikice, ya cika rabin dama na filin wasan da tarkacen haruffa, matakin ya gagari kowa wucewa. Babu wanda ya zaci ɗan Adam zai kai can, sai ga shi an kai. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya fahimci wani babban kuskure da har yau yake kayar da manyan manhajoji.

Wata hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu kullewa ita ce kunnawa tana cinye na'ura. Gaskiya ne. Hoton da ya daɗe wuri ɗaya yana ƙona gilashi ya bar tabo, sandar sarrafawa tana saki, zane yana gogewa inda hannaye ke dafawa. Gilashin kuma ba a samun sabo. Kamfanin Sony ya daina ƙera nasa samfurin, Trinitron, tun 2008, sauran masana'antu ma suka bi sahu. Duk da haka ban ga ya zama dalilin kullewa ba, sai dai dalilin yin tsari. Wanda babu irinsa sai ɗaya ko biyu, a fara kwafe ƙwayoyinsa, a ɗauki hoton fanel da zane, a auna katakon a rubuta, sa'an nan a riƙa kunna shi lokaci-lokaci a gaban jama'a. Wanda ake da dubbansa kuwa a bar yara su yi ta bugawa. In gilashi ya mutu babu makawa sai an sa na zamani, to a sa, amma kada a yanke katako ko waya yadda ba za a iya komawa baya ba, a kuma ajiye tsohon, a rubuta abin da aka canja da ranar da aka canja. Abin da ba na yafewa shi ne a sami akwati na asali lafiyayye, a ƙwaƙule cikinsa a cusa masa fanel ɗin zamani mai wasa sittin don ya fi saurin sayuwa.

Gidajen tarihin da suka fi burge ni su ne waɗanda suka yarda a taɓa. A birnin Mosko wasu matasa sun buɗe gidan adana akwatunan wasa na zamanin Tarayyar Sobiyet a 2007, inda ake ba baƙo tsofaffin sulallan kofek 15 ya jefa da hannunsa, ya leƙa madubin jirgin ƙarƙashin teku ya harbi jiragen ruwa. A Berlin akwai gidan tarihin wasannin kwamfuta da aka fara buɗewa a 1997, yana da Poly-Play, akwatin wasan da Jamus ta Gabas ta ƙera a tsakiyar shekarun 1980, wanda kaɗan ne suka rage daga kimanin 2,000 da aka yi. A garin Rochester na jihar New York kuma akwai gidan tarihi na Strong. Amma ko irin waɗannan wurare ba su da tabbas in ba su da gindi mai ƙarfi. Wani babba a garin Banning na Kalifoniya ya rufe a 2021, aka yi gwanjon na'urorinsa fiye da dubu, abin da aka yi shekaru ana tarawa ya watse cikin 'yan kwanaki. Doka ma ba ta taimaka ba. A Amurka haƙƙin mallakar aikin kamfani shekara 95 ne, ke nan Asteroids ba zai zama na kowa ba sai bayan 2074, alhali ƙwayoyinsa wa'adin shekara ashirin aka yi musu. A watan Oktoban 2024 kuma ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi amincewa da roƙon ɗakunan karatu na a bar su su riƙa nuna wa masu bincike tsofaffin wasanni daga nesa ta intanet. Da wannan hali, yawancin aikin ceton ya rage a wuyan masu tarawa, shi ya sa rowar ɗaya daga cikinsu take da tsada haka.

Akwai abu guda da ba a kwafarsa a ƙwaya, ba a kuma sayensa a gwanjo, watau hannun mai gyara. Gilashin akwatin wasa da na tsohuwar talabijin ɗan juma ne da ɗan jummai, wanda ya iya gyaran wannan ya iya na wancan. Irin waɗannan masu gyara suna nan a kasuwanninmu, sai dai sun manyanta, yaransu kuma sun koma gyaran waya. Ina jan kunnen ɗalibai da babbar murya, kada wanda ya karanta wannan ya je ya kwance bayan tsohuwar talabijin ɗin gidansu. Akwai wuta mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye a jikin gilashin in yana aiki, tana kuma iya maƙalewa a ciki ko bayan an zare waya daga bango, ga kuma dalma mai guba a cikin gilashin kansa. Abin da ya dace shi ne malamin fiziya ya gayyato ɗaya daga cikin dattawan nan zuwa ɗakin gwaje-gwaje, ya zo da talabijin ɗaya da ta mutu. Shi zai fara sauke wutar da ta maƙale, sa'an nan ya nuna wa aji bindigar elektiron, da naɗin wayar da ke karkata harbin, da kafasitar da ta kumbura, ɗalibai biyu kuma su zauna kusa da shi da littafi suna rubuta duk abin da ya faɗa.